Shekarar da Na Yi wa Ɗan Gwaggona Ladabi

Ni da ɗan gwaggona ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, wato mu taubasai ne, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Kura ba a ɗauki wasan taubasai da wasa ba. Wata huɗu ya ba ni a haihuwa, amma wannan bai taɓa sama masa ko sannu ɗaya daga bakina ba. In na hango shi da safe sai in tambaye shi ko an tashi lafiya a gidan bayi, shi kuma ya ce ai yanzu yake shirin aikowa gidanmu a tambayo. Mun haura shekara sittin muna wannan, har yau ba mu daidaita a kan wane ne bawan wani ba. Dattawan da za su raba gardamar duk sun kwanta dama, kuma kowannenmu yana cewa da kunnensa ya ji an ba shi gaskiya.

Ni malamin gona ne. Na yi shekaru ina yawo a kan babur tsakanin Kura da Bunkure ina gaya wa manoma tazarar da za su bari tsakanin shuka da shuka, har na yi ritaya. Shi kuwa manomin rani ne na gaske, tumatir da albasa, gonarsa na bakin kanal inda ruwan Tiga ke wucewa. Manomin takarda yake ce mini. Ya ce da albasa na karanta littafi, da ni ne sarkin noman ƙasar nan. Ni kuma ina ce masa albasarsa tana kyau ne saboda muninsa, ta gwammace ta nutse cikin ƙasa ta yi ƙiba da ta ɗago kai ta gan shi. Haka muke a gidan suna, haka muke a gidan biki. Ko a zaman makoki sai an raba mana tabarma.

Ni na fara ganin abin. Wata safiya na tsaya a gonarsa, ya naɗe wando har cinya yana tsaye cikin ruwa, yana dasa tiyo don ya jawo ruwa daga kanal zuwa fangali. Sai na hangi wasu fararen tabo a cinyarsa, kowanne ya kai faɗin tafin hannu, fatar wurin ta bushe tana ɗan gari-gari. Na yi murna ƙwarai, don na samu sabon abin tsiya. Na ce ashe Allah ya ji kukansa zai mayar da shi Bafulatani, sai dai an fara aikin daga inda ba mai gani. Ya watso mini ruwa ya ce kyasbi ne, kuma a gidan kawunsa ya kwaso shi. Shekara uku ina cin wannan kasuwa. Duk Bafulatanin da ya koro shanu ta bakin gonar sai na kira shi ya zo su gaisa da ɗan'uwansa.

Amma abin bai tafi ba. Ya hau bayansa, ya fito a gefen ciki da damtse, ga ƙaiƙayin da ke sa shi goga baya a jikin bishiyar mangwaro a gaban mutane. Ya yi wanka da sabulun salo, ya sha sassaƙe, ya shafa duk man da aka kwatanta masa. Daga nan aka fara raɗe-raɗi. Ba wanda ya furta kalmar kuturta a gabansa, amma kowa ya san abin da farin tabo ke tuna wa mutane. A ƙofar gida inda muke ciyayya bayan magariba, sai ka ga mutum ya ja kwanonsa gefe ya ce shi yau miyar gidansa yake marmari. Ni ban fasa sa hannu a kwanonsa ba, ina ci ina kushe miyar. Ina alfahari da wannan, shi ya sa na rubuta shi, don abin da zai biyo baya ba na alfahari ba ne.

Wadda ta raba mu da wannan zargi wata mai kemis ce a bakin tasha, mutuniyar Filato, ta daɗe a garin har kowa Madam yake ce mata. Ya je sayen man shafawa karo na ba adadi, sai ta sa ya rufe ido, ta goga masa auduga a kan tabon damtsensa, ta tambaye shi ko ya ji. Ya ce ya ji, har ma ta tayar masa da ƙaiƙayi. Ta ce to a ganinta ba abin da mutane ke raɗawa ba ne, amma ita ma ba ta san ko mene ne ba, kuma daga ranar ba za ta ƙara sayar masa da komai ba sai ya je birni likitan fata ya duba shi. Ya fito yana mita, wai bai taɓa ganin mai shago na korar ciniki ba.

Ni na raka shi asibiti, don a cewarsa ma'aikata sun fi saurin kiran mai biro a aljihu. A mota na gaya wa fasinjoji cewa zan kai shi ne a yi ɗaya cikin biyu, ko a ƙarasa masa fentin ko a mayar da shi yadda yake. Suka yanki ɗan guntun fatarsa, bai kai ƙwayar wake ba, suka ce mu dawo bayan wasu makonni.

Ranar da muka koma, likitan ya zaunar da mu ya yi bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne 'yan gadin jiki. Wasu daga cikinsu ne suka lalace, suka bar aikinsu suka zo suka tare a fata. Ya ce wani nau'in ciwon daji ne. To ni a nan na tsaya. Ya ci gaba da magana, kunnena na ji, amma ba abin da ya shiga. Ya ce an kama shi da wuri, bai wuce fata ba. Ya ce irin wannan ba ya sauri, ba a ɗaukarsa daga wani, ba a cika raba mutum da shi gaba ɗaya ba amma ana danne shi, kuma da yawa suna tsufa da shi har wani abin daban ya zama ajalinsu. Duk wannan ɗan gwaggona ya ji ya riƙe, har yana tambayar ko zai ci gaba da shiga ruwa. Ni mai biro a aljihu, kalma ɗaya na ɗauka. Da za mu fita likitan ya juyo gare ni ya yi 'yan maganganu da Turanci a kan takardun da zan kai ɗakin magani, na gyaɗa kai, muka fito.

A tasha na buɗe masa ƙofar gaba, ni na shiga baya. Da muka sauka a Kura na karɓi ledar magungunansa na riƙe masa, na dube shi na ce, "Sannu."

Ya tsaya yana kallona, yana jiran sauran maganar. Babu saura.

Zan faɗi abin da ke raina a lokacin, ko da ba zai wanke ni ba. Kunya ce da tsoro. Shekara uku ina yi wa ciwon daji dariya, ina tara masa Fulani. Kuma na riƙa tunanin kada wata rana in yi masa tsiya da safe, da yamma a aiko cewa ya cika, ya zama maganata ta ƙarshe da shi ita ce muninsa. Sai na yanke wa kaina hukunci ba tare da shawartar kowa ba, cewa daga yanzu zan girmama shi. Na fara ce masa Yaya. Wata huɗun nan da na yi shekara sittin ina musu, na biya shi su a rana ɗaya.

Mutanen gari kuwa da suka ji ba a ɗauka, sai kwanuka suka dawo tsakiya. Kowa ya koma yadda yake da shi, ban da ni. In ya ce manomin takarda ya iso, sai in ce ya ƙarfin jiki. In ya ce hular nan tawa a wace bola na tsinto ta, sai in yi murmushi in tambaye shi ko ya shafa maganinsa. Ya yi ta jefo mini ƙugiya, ni kuwa na ƙi kamawa.

An yi watanni ana shafe-shafe da shaye-shayen magani. Tabon ya ja baya, ya sake dawowa, ƙaiƙayin kuma ya ƙi sauka. Likitan ya ce akwai wata hanya da ake gwadawa a waje, ta haska jini, amma shi bai san inda ake yinta a kusa ba. Babban ɗansa, mai injin casar shinkafa a Kura, ya shiga ya fita ya samo asibiti a Alƙahira, aka ce sai ya zauna can wata biyar ko fiye. Tafiyar ta faɗo daidai bayan ya gama dashen albasa. Ana gobe zai tashi, a gaban jama'a a ƙofar gida, ya ce ya bar gonarsa a hannun manomin takarda, saboda haka kowa ya shirya sayen albasa daga Sakkwato bana. Aka yi dariya, aka juyo ana jiran nawa. Na ce in Allah ya yarda zan kula da ita kamar tawa, ya tafi hankali kwance. Dariyar ta mutu.

Da farko kusan kullum sai ya kira ni ta waya, irin kiran da ake ganin juna. Ranar da aka fara yi masa aikin ya ba ni labari da zumuɗi. Ya ce kujera ce mai kwanciya, a soka maka allura a hannu, jini ya bi wani siririn tiyo ya shiga inji. Injin ya yi ta juya shi, ya ware fararen ƙwayoyin gefe kamar yadda injin ɗansa ke ware shinkafa da ɓuntu, ya maido masa da sauran. Fararen nan sai a ɗiga musu wani magani da ba ya aiki sai ya ga haske, a bi da su ta wani siririn faranti ana haska musu wata irin fitila, sannan a maido masa da su jiki. Likitan can ya gaya masa in waɗanda aka haska suka koma, jiki kan koyi gane lalatattun ya yi maganinsu da kansa, sai dai abin a hankali yake, sai an yi haƙuri. Kusan awa uku yake kwance, kwana biyu a jere, sai a ba shi hutu ya sake komawa. Ya ce shi dai a iya saninsa ruwan da ya bar kanal ba ya komawa, wannan ne ban ruwa na farko da ya ga ana mayar da ruwa inda aka ɗebo shi.

Sai ya matso da fuskarsa kusa da wayar ya ce, "Ka ji fa. Shanya jinina ake yi."

Amsar tana kan harshena. Mutumin da in kasuwar tumatir ta faɗi yake yankawa yana shanyawa a bakin titi, yau ga shi shi ma an mayar da shi kauɗa. Magana ce mai kyau, da na faɗe ta da sai an shekara ana maimaita ta a ƙofar gida. Na haɗiye ta. Na ce Allah ya sa kaffara ne.

Haka muka yi ta yi. Bayan kowane zama akan hana shi shiga rana har washegari, saboda maganin nan yana sa fata da ido su kasa jure haske, kuma dole ya sa baƙin gilashi. Manomin da rana ta dafa shekara sittin, wai yau shi ke ɓuyar rana. Ya kira ni da gilashin a fuska, yana juya kai dama da hagu don in gani da kyau. Na ce ya yi masa kyau. An kuma hana shi cin maiƙo kafin ranar zama, wai kitse na gurɓata jini ya rikita injin, alhali shi ne mutumin da in ya je teburin mahauci yake ture tsoka ya zaɓi kitse. Ya nuna mini farantin dafaffen kabeji da aka ajiye masa, ya riƙe shi a gaban wayar ya daɗe. Na ce ya daure, lafiya ake nema.

In na ajiye waya sai in shiga gida in zazzage wa mai ɗakina duk abin da na haɗiye. Da farko tana dariya. Daga baya ta gaji ta ce ita ba taubashiyata ba ce, in kai wa mai kaya kayansa. Na ce mata ba ta san nauyin abin ba. Ta ce ta san dai mutum ba ya canza hali rana ɗaya sai da dalili, kuma mara lafiya ya fi kowa lura. Na yi fushi na fita, don ni ba na son a gaya mini gaskiya ina tsakiyar yin abin kirki.

Inda nake zuwa in na fita, gonarsa ce. Ba abin da zan iya yi masa daga nan, ba ni da injin haska jini, abin da nake da shi tiyo ne da kanal. Sai in naɗe wando in jawo ruwa in cika fangali, in tsaya ina kallo yana bin layi, in ji kamar na yi wani abu. In ya ce yau allurar ta ba shi wahala sai da aka nemi jijiya sau uku, in je in ba albasa ruwa. In ya ce ƙaiƙayin ya ragu, in je in ba ta ruwa don godiya. Na ƙara mata taki fiye da ƙima. Na san albasa in ta fara ƙosawa janye mata ruwa ake yi, ni da bakina na koya wa ɗaruruwan manoma wannan. Maƙwabcin gonar ya yi mini magana sau biyu, na ce masa ya bari mai takardar shaida ya yi aikinsa. Ganye dai ya yi kyau, kore shar, har masu wucewa na tsayawa kallo.

Kiran nasa ya fara gajarta. Ya koma sau ɗaya a mako, sannan ya koma in na kira sai ɗansa ya ɗauka ya ce Baba na hutawa, amma jiki da sauƙi sosai, tabon bayan duk ya dushe. Na ji zafin wannan. Na ce a raina ina nan ina kashe kaina a gonarsa, ina girmama shi, shi kuwa ko muryata ba ya son ji.

Ya dawo cikin zafin bazara. Likitocin can sun gamsu, sun ce ya tafi gida ya ci gaba da ganin likitansa na birni, in da bukata a sake kiransa. Ya yi haske, ya ɗan yi ƙiba, ga baƙin gilashin nan a fuska, wanda yanzu ba likitan da ya sa shi, so ne kawai. Na tarar da zauren cike da 'yan barka da sauka, yana tsakiya yana raba tsiya. Ya ce wa mahauci ya rame saboda babban mai cinikinsa ba ya gari. Ya ce wa jikokinsa mata ya yi sabuwar amarya a can, duk ya sake su. Na yi sallama. Yana ganina ya miƙe tsaye, ya cire gilashi, ya ba ni hannu biyu har da ɗan rusunawa.

"Malam, sannu da zuwa. Ya iyali? Ya muka ji da ɗawainiya?"

Ya sa aka ɗauko kujera aka ajiye mini, shi ya koma tabarma. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka sabon salon wasa ne. Amma bai yi dariya ba. Washegari ya zo gidana da tsaraba, dabino da turare, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya ƙi zama sai da na ce bismillah sau uku. A masallaci ya matsa ya ba ni sahun gaba. A wurin ciyayya ya ƙi sa hannu sai na fara, in na yi magana ya ce gaskiya ne Malam, ko da cewa na yi yau an yi zafi. Kwana tara yana yi mini haka. Ban taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. In na hango shi tafe da wannan fuskar ta mutunci sai in ji kamar in canza hanya. Na gane abin da yake yi tun rana ta biyu, amma girman kai ya hana ni zama na farkon karaya. Kuma har a lokacin ina ganin nawa ladabin na ƙauna ne, nasa ne na mugunta.

A rana ta goma ya aiko a tambaye ni ko Malam zai ba shi izinin ganin gonarsa. Muka tafi da hantsi, yana bina a baya taku biyu. Da muka isa ya tsaya a bakin kanal ya daɗe yana kallon koren ganyen nan. Gonakin maƙwabta duk ganye ya kwanta ya bushe, wasu har sun cire. Ya sauka cikin fangali, ƙafarsa ta nutse a laka. Ya kama guda ɗaya ya tuge. Wuyanta ya yi kaurin rake, kan kuwa bai fi goro ba, ya danna da babban yatsa ruwa ya fito. Ya tuge ta biyu, ita har ta fara wari. Na tsaya ina jira. Wallahi ina jira da ɗoki, don na san abin da na cancanta, kuma ba wanda ya iya faɗinsa kamarsa.

Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ma sha Allah. Sannu da ƙoƙari, Malam. Allah ya saka da alheri."

A nan na fashe. Ban san sanda na fara ba. Na ce masa tsohon banza, munafuki, wanda aka kai ƙasar waje a wanke masa jini aka manta ba a wanke hali ba. Na zazzage masa duk abin da na tara wata biyar, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ko guda ba, har da waɗanda mai ɗakina ta ce ba su da daɗi. Ina yi ina nuna shi da yatsa. Masu aiki a gonar gefe suka ɗago suna kallo. Ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa su ci gaba da aikinsu, taubasan nan ne.

Shi kuwa bai rama ba. Ya hau bakin kanal ya zauna, ya cire gilashin ya riƙe a hannu. Da na yi shiru don numfashi ya ƙare mini, sai ya yi magana a hankali, ba ya kallona.

"Ran nan a asibiti, da za mu fito, me likita ya gaya maka da Turanci?"

Na ce wane Turanci. Sai da na yi tunani kafin na tuna. Na ce takardun ɗakin magani ne, ya ce in kai fara taga ta biyu, shuɗiya in riƙe.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ya daɗe yana juya gilashin. Ya ce, "Ni ya ce mini ciwon ba ya sauri. Na yarda, na fito da ƙarfina. Sai ya yi maka Turanci, muka zo tasha ka buɗe mini ƙofa. Kai. Na ce to, an gaya wa mai ilimi gaskiya, ni an ba ni ta manoma. Kowa ya ce mini sannu ina amsawa, ba ta dame ni ba. Taka ce nake ɗauka in tafi da ita kan kujerar nan, ina kallon jinina na fita yana dawowa, ina cewa wahalar banza suke yi, ɗan kawu ya san abin da ya sani."

Na zauna a gefensa. Fiye da shekara guda yana ɗauke da wannan, ni na ɗora masa, kuma ina ɗorawa ina jin ni mutumin kirki ne. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan hantsi ba. Na rantse masa da Allah ba abin da aka gaya mini, tsoro ne kawai irin nawa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Kada ka soma. Ƙara mini tsiya ɗaya dai, in tabbata."

Ya jira ni. Ruwa na wucewa a kanal, albasarsa na ruɓewa a gabanmu, ni kuwa na rasa tsiya a karo na farko tun da na koyi magana. Da ƙyar na samo. Na ce ai likita bai yi ƙarya ba, ciwon ba zai taɓa sauri ba, don duk abin da ya shiga jikinsa sai ya koyi lalaci. Shekara huɗu yana tafiya, daga cinya bai wuce damtse ba.

Ya yi dariya har ya sarƙe da tari, ya goge ido da bakin riga. Sannan ya sunkuya ya zaɓi wadda ta fi ruɓewa cikin albasar da ya tuge, ya auna ni da kyau, ya jefe ni da ita a ƙirji.